Amsa ga ƙanwata mai jinyar yayarta da aka fara yi wa kemo na sankarar mama

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa barkanmu da yamma. Wannan muryar amsa ce ga ƙanwata da ta rubuto jiya da daddare, ta ce an yi wa yayarta kemo na farko, wato ruwan maganin sankara da ake ɗaurawa, a Asibitin Malam Aminu Kano kwana uku da suka wuce, ba ta iya cin komai, ƙamshin girki ma tayar mata da zuciya yake yi, ga mutane sai kawo jiƙe-jiƙe suke, yaya za su yi da ita a gida. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Za ta ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri.

Ƙanwata, ki fara da samo kalanda ko littafi. Galibin kemo na mama duk kwana 21 ake yin sa, wasu kuma duk mako, ki duba katinta ki gani. Ranar da aka ɗaura ruwan ita ce rana ta ɗaya. Daga nan zuwa kwana huɗu ko biyar, tashin zuciya ne da kasala, inda kuke yanzu ke nan. Daga rana ta 7 zuwa ta 14 fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙi da cuta, suke yin ƙasa sosai. A mako na uku jiki ke farfaɗowa, a yi gwajin jini, a sake ɗaura wani. In kin riƙe wannan lissafin, kin san ranar da za a lallaɓa ta, da ranar da za a hana 'yan dubiya, da ranar da za a dage mata da abinci ta mayar da abin da ta rasa.

Bari in fara da abin da ke kashe mutum, kafin abin da ke wahalar da shi. Zazzaɓi. Ku sayi ma'aunin zafin jiki mai nuna lamba, ana samun sa a kyamis. In ya nuna 38 ko sama da haka, ko tana rawar sanyi ko da lambar ba ta kai ba, asibiti za a tafi a lokacin, ko ƙarfe biyun dare ne. Mu a Kano duk zazzaɓi maleriya ne, a aiki yaro kyamis, a haɗiyi farasitamol, a jira wayewar gari. Ga mai kemo wannan jiran ne ke kai mutum ƙasa, domin ƙwayar cuta in ta shiga jinin da babu masu tsaro, cikin 'yan sa'o'i take gama aikinta. Farasitamol kuma rufe zazzaɓin yake yi, shi ya sa a auna tukuna kafin a ba ta ko da don ciwon kai ne. Da kun isa sashen gaggawa, maganar farko da za ki yi ita ce, mai shan kemo ce, yau kwana kaza da yi mata. Kar ki tsaya a layi kina kunya. Za su ɗebi jini, su duba maleriyar ma, su fara mata allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Haka za a garzaya in amai ya hana ko ruwa zama a cikinta yini guda, ko gudawa sau huɗu zuwa sama a rana, ko zafin fitsari, ko haɓo da jinin dasashi da ya ƙi tsayawa, ko numfashi yana yi mata wuya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo. Ki karɓi lambar wayar sashen da ake yi mata kemo, sannan a samu mai mota ko mai adaidaita a unguwa da zai ɗaga waya da daddare.

A kwanakin nan na 7 zuwa 14 a rage dubiya. Na san da nauyi, dangi za su ce an hana su, amma ke za ki zama mai baƙin jinin, ba mara lafiyar ba. Mai mura ko tari, ko yaro mai ƙyanda ko ƙaranbau, ya yi gaisuwarsa ta waya. Biki da suna da shiga kasuwar Kwari a bar su sai mako na uku, in fita ta zama dole ta sa takunkumi. Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan fitowa daga bayi, ita da mai yi mata girki. Ta kwana a gidan sauro kullum.

To, tashin zuciya. Kuskuren da ake yi shi ne a jira sai amai ya zo a ba da maganin. Maganin da aka rubuto mata, irin su ondansetron da dexamethasone, a kan lokaci ake shan su a kwanakin farko, ko tana jin amai ko ba ta ji, kuma kamar minti talatin kafin abinci. Ondansetron yana sa bayan gida ya yi tauri, sai a haɗa mata da gwanda, miyar kuɓewa ko kuka, da ruwa. In ta kwana uku ba ta zaga ba a gaya wa likita. Dexamethasone yana hana barci in an sha da yamma, yana kuma ɗaga sukari, mai ciwon sukari ta riƙa aunawa.

Kar a cika mata faranti. Ganin tulin tuwo kaɗai ya isa ya rufe mata ciki. Ɗan kaɗan duk bayan awa biyu ko uku, a ƙaramin kwano. Abinci mai ɗumi-ɗumi ko wanda ya huce ya fi shiga, saboda turirin ne ke ɗauke da ƙamshin. A yi girki nesa da ɗakinta, a dakata da suya, kuma don Allah a kashe turaren wuta da humra na 'yan kwanakin nan. Da safe kafin ta tashi ta ɗan ci busasshen biredi ko biskit mara mai. Shayin citta mara ƙarfi yana taimakawa. Bayan ta ci kar ta kwanta, ta jingina kamar awa guda. In bakinta yana ɗanɗanon ƙarfe a ba ta cokalin roba, a ɗan sa tsamiya ko lemon tsami, muddin babu gyambo a bakin.

Abin da jiki ke nema yanzu shi ne mai gina shi. Kunun gyaɗa da madarar gari cokali biyu ko uku a ciki, ƙwai dafaffe har gwaiduwar ta yi tauri, alale, faten wake, awarar gida, farfesun kaza ko kifi mara yaji. Ana yawo da magana wai a daina nama da madara da sukari don kansar ta mutu da yunwa. Ba ta mutuwa, mara lafiyar ce ke ramewa, jininta ya kasa hawa, a ɗage mata kemo. Abin da za a guje wa shi ne wanda ba a san hannun da ya yi shi ba: tsire da balangun bakin titi, salak na waje, zoɓo da kunun aya na talla, yankakkiyar kankana a faranti, da nonon da ba a tafasa ba. In tana marmarin fura a dama mata a gida da yogot na kamfani. Ɗumame sai ya yi zafi har cikinsa, kuma abin da ya kwana a firjin da aka ɗauke wa wuta a ba masu lafiya. Ruwa kuwa lita biyu zuwa uku a rana, wato ledar fiya wata huɗu zuwa shida, a zafin Maris zuwa Mayu ma ta ƙara, sai dai in likita ya ƙayyade mata saboda zuciya ko ƙoda. Ɗaya daga magungunan, cyclophosphamide, yana ƙona mafitsara in ya daɗe a ciki, don haka kar ta riƙe fitsari. In jan maganin nan doxorubicin aka sa mata, fitsari zai yi ja kwana ɗaya zuwa biyu, launin maganin ne. In ya wuce haka a faɗa.

Baki yana yin gyambo wajen ƙarshen makon farko. A fara kariya tun yau: burushi mai laushi irin na yara, da kurkure baki sau huɗu zuwa shida a rana da ruwa lita ɗaya da aka tafasa ya huce, a sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya. In akwai bekin soda a ƙara cokali ɗaya. Ban ce kanwa ba fa. Asuwaki mai tauri da tsinken sakace a ajiye su. In kika ga fari-fari a harshe, akwai maganinsa a asibiti.

Yanzu jiƙe-jiƙen. Masu kawowa da ƙauna suke kawowa, ki karɓa ki yi godiya ki ajiye. Hanta da ƙoda su ke tace kemo, kuma tuni suna kan aiki. Garin da ba a san abin da ke ciki ba, ba a san adadinsa ba, yana iya lalata gwajin hanta a dakatar da magani, ko ya rage wa kemon ƙarfi. Na shafawa a kan mama ya fi muni, shi ke buɗe gyambo ya ruɓe. Ƙaho da hijama da tsaga babu su yanzu, jini ba ya tsayawa da wuri. Ibuprofen da diclofenac ma sai an tambaya. Addu'a, ruƙiyya, zamzam, babu likitan da zai hana. Zogale dafaffe a miya abinci ne, ta ci. Duk wani abin sha da ake ganin dole sai an ba ta, a kai shi gaban likita tukuna.

Gashi zai fara zuba mako biyu zuwa uku bayan na farko. Gara a tsefe a rage shi tun yanzu, ba kitso mai ja, ba man sa laushi, ta sa hular auduga a ƙarƙashin hijabi. Yana dawowa bayan an gama. Farce da tafin hannu su kan yi duhu, shi ma yana wucewa. In an koma kan magungunan kemo paclitaxel ko docetaxel, yatsu na iya sagewa. A gaya wa likita da wuri don ya daidaita adadin, ta daina tafiya ba takalmi, wani ya riƙa taɓa mata ruwan wanka kar ta ƙone.

Kasala ba ta jin maganin kwanciya kaɗai. Tafiyar minti goma zuwa ashirin a tsakar gida bayan asuba ko bayan la'asar ta fi yini a gado. Sallah a zaune in tsayuwa ta gagara, azumi kuma Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, ta rama in ta warke.

Ku gaya wa maigidanta cutar nan ba a ɗauka. A ci a kwano ɗaya, ta rungumi 'ya'yanta. Kwana biyun farko kawai a kora bayi da ruwa sosai bayan ta shiga, mai kwashe amai ya sa safar hannu, a wanke kayan da suka ɓaci daban. Shayarwa an dakata. Ciki kuma bai kamata ya shiga ba, ko da al'ada ta ɗauke, domin ɗaukewarta ba ta hana ciki. Su tambayi likita hanyar da ba ta da sinadarin hormon, irin kororon roba.

In an riga an yi mata aiki an cire kaluluwar hammata, hannun wannan ɓangaren a kiyaye shi: allura da awon jini a ɗaya hannun in da hali, ba ɗaukar jarka, ba matsattsen awarwaro, ta riƙa motsa shi yadda masu gashin ƙashi suka nuna mata, irin hawa bango da yatsu. Zobe ya fara matse ta, a faɗa.

Sai kuɗi, tunda shi ke sa a tsallake zangon kemo. Ku lissafa na duka zangunan tun yanzu, da na gwajin jini da mota, a raba wa dangi kowa ya san nasa. In tana da inshorar lafiya ta KSCHMA ta jihar Kano ko NHIA ta tarayya a bincika abin da suke ɗauka, a kuma leƙa ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin. Magani a saye shi inda asibitin ya nuna, wasu sai a sanyi ake ajiye su. In kuɗin zango na gaba bai haɗu ba, ki je ki gaya wa likita kafin ranar, kar ku ɓace kawai. Kuma ko ƙullutun ya narke bayan zango biyu ko uku, ba a gama ba, a cika adadin da aka rubuta.

Ki turo mini sunayen magungunan da ke katinta ta akwatina, in faɗa miki lokutan shan na aman. Maganar gashi da na'ura (radiotherapy) da ƙwayar tamoxifen da ake sha bayan kemo sai in ta kusa kaiwa can. Wassalamu alaikum.