Tambayi Bakanike: Kafin ka sayi famfo, saurari kukan sauro

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Oga. Ni mai sayen riɗi da zoɓo ne, ina zaune a wani ƙauye da ke yankin Gagarawa. Bara ƙanena da ke Legas ya aiko mini da babur na hannu, ɗan waje, irin mai injekta wanda ba shi da kafireta. Wata uku ke nan ya tsiro da wani hali. Da safe zai tashi lafiya lau, amma in na yi tafiyar rabin awa rana ta ɗaga, sai ya fara shaƙewa, in murɗa totur ya ƙi amsawa, daga nan ya mutu. In na zauna a inuwa ya huce, sai ya tashi kamar ba shi ba. Ranar Alhamis da ta wuce a hanyar Maigatari ya mutu bai sake tashi ba, a bayan a-kori-kura aka dawo mini da shi. Bakaniken garinmu ya canza fulogi har sau biyu, yanzu kuma ya ce famfon mai ne, in kawo kuɗi a sayo daga Kano. Yaya zan tabbatar? Kuma in shi ne, za a iya canza shi a nan ƙauye?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alherin kasuwar da ta wuce ka. Bakanikenku bai yi shirme ba, alamun da ka lissafa sun yi kama da na famfon da ya kama hanyar mutuwa. Sai dai kama da wane ba wane ba ne, don haka riƙe kuɗinka tukuna.

Baburan da suka cika garuruwanmu, su Boxer da Jincheng da Daylong, ba su da famfon mai ko kaɗan. Tanki yana sama, kafireta tana ƙasa, mai yana gangarowa da kansa kamar ruwan indararo. Naka ba haka yake ba. Injekta feshi take yi, kuma ka san abin feshin gona ba ya feshi sai ka buga masa hannu iska ta taru. Wannan bugun shi ne aikin famfo: ɗan injin lantarki ne da bai fi ƙaramar tocila ba, yana nitse a cikin tanki, yana matso mai da ƙarfin da ya kai kusan 43 a ma'aunin mai faci. Wato ya fi iskar da ke cikin tayarka ta baya. In ƙarfin nan ya ragu, injekta sai ta koma ɗiga maimakon feshi, kai kuma ka ji babur yana shaƙewa.

Gwajin farko ba ya bukatar sipana. Bayan sallar asuba, gari ya yi tsit, ka kunna makulli amma kada ka taɓa sitata. Kara kunnenka a jikin tanki. Lafiyayyen famfo zai yi wani siririn kuka irin na sauro, na daƙiƙa biyu zuwa uku, sannan ya yi shiru da kansa. Kashe makulli ka sake kunnawa, ka ji ko zai maimaita.

In ba ka ji komai ba, har yanzu ba mu kama ɓarawo ba, domin famfon da wuta ba ta kai masa ba da famfon da ya ƙone, shirunsu iri ɗaya ne. Fara da jan maɓallin kashe inji da ke hannun dama. Kada ka yi dariya, an sha turo mini babur daga nesa alhali yaran gida ne suka danna shi. Daga nan buɗe akwatin fis ka zaro na famfo ka ɗaga shi a haske, in zaren cikinsa ya tsinke ka sa sabo mai lamba ɗaya da shi, ba guntun waya ko takardar sigari ba. Sai batir: cikakke yana nuna 12.6 a mitar awon wutar lantarki, in ya sauka ƙasa da 12 ya yi sanyi, fitila za ta iya kamawa amma famfo ya kasa juyawa da kyau. Akwai kuma rile, ɗan baƙin akwati mai kamar kwalin ashana da ke sakar wa famfo wuta. Ɗora yatsa a kansa a kunna makulli, ya kamata ka ji ya yi ƙas. In akwai wani irinsa sak a jikin babur ɗin, musanya su ka gani. Kuma tunda kwance ko a karkace aka ɗauko shi a mota, ka sani yawancin masu injekta suna da wata na'ura da ke yanke wa famfo wuta idan babur ya faɗi, sai an miƙe shi an kashe makulli an sake kunnawa take saki.

Bayan duk wannan ne bakanikenku zai zare soket ɗin da ke shiga famfo, ya sa mita, kai kuma ka kunna makulli. In wuta ta kai wajen 12 a cikin 'yan daƙiƙun nan amma famfo bai motsa ba, to a yi masa salla. In wuta ba ta zo ba, laifin yana can baya a cikin wayoyi.

Ina nanata wannan ne don na taɓa ƙonewa. Shekarun baya wani ma'aikacin allurar rigakafi ya kawo mini irin naka a garejina da ke Gumel. Na kasa kunne, shiru. Na ce famfo ne, da bakin nan nawa, har da cewa in ba shi ba ne kada ya biya ni. Aka sayo sabo, na ɗaura, ya tashi, muka yi sallama. Bai kai Sule Tankarkar ba ya kira ni, babur ya sake mutuwa. Ashe bakin soket ne ya yi tsatsa, ya yi kore shar kamar gansakuka, cirewa da mayarwar da na yi ce ta ɗan goge shi har ya kama na ɗan lokaci. Da 'yar takardar yashi aka gama aikin. Kuɗin famfo daga aljihuna ya fita, kuma tsohon yana nan cikin akwatin kayan aikina har yau, lafiyarsa ƙalau. Duk yaron da ya zo koyon aiki sai na nuna masa shi.

Wata dabara: wani ya kunna makulli, kai kuma ka ƙwanƙwasa gindin tanki da ƙotar sukundireba. In famfo ya farka da bugun, to cikinsa ya cinye, zai iya kai ka gida amma ba zai kai ka wata Alhamis ɗin ba.

To in kuma ka ji kukan sauron fa? Abubuwa biyu suna kwaikwayon ciwon famfo har su ruɗi gwani. Na farko murfin tanki. Yana da 'yar ƙofar shan iska, ƙurar hunturu tana toshe ta, mai yana raguwa iska ba ta shiga, har famfo ya rasa yadda zai ja. Da zarar babur ya mutu ka buɗe murfin, in ka ji ya ja numfashi fuuu sannan ya tashi, ka huta da zuwa Kano. Na biyu kwayil, mai ba fulogi wuta, shi ma yakan ɗauke wuta in ya yi zafi ya dawo in ya huce. A lokacin da ya mutu, da zafinsa, a cire fulogi a jingina shi da jikin inji a danna sitata. Wuta shuɗiya mai ƙarfi na nufin kwayil ba shi da laifi. In duka biyun sun fita, sai a auna ƙarfin man. Zuba shi a gora ka ga yana fitowa bai isa hujja ba, gajiyayyen famfo ma yana zubo mai in babu abin da ya tare shi. A nemi agogon awo wajen masu gyaran motoci masu injekta.

Ni dai zatona ya fi karkata ga famfon da rariyarsa, saboda na san yadda muke shan mai yanzu. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, wa ke cika tanki? Lita ɗaya, lita ɗaya da rabi, a lallaɓa. Alhali fetur ɗin da famfo ke nitse a ciki shi ne ke sanyaya shi. Ka bar shi tsirara a gindin tanki cikin zafin Afrilu, yana zuƙar iska da laka, dole ya gasu. Ga man bumburutu na bakin hanya da ke zuwa da yashi da ruwa daga jarka. A bakin famfo akwai 'yar rariya mai kamar jakar ganyen shayi, in ta toshe famfo yana wahala ninki biyu. Sau da yawa ita kaɗai ake canzawa a zauna lafiya.

Canzawa kuwa ana yi a ƙauye, ba sai an kai birni ba. A yi a fili, nesa da mai shayi da mai tsire da madafin gida, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, rarrafe yake yi a ƙasa har ya iske wuta inda take. A fara zare soket ɗin famfo a danna sitata na ɗan lokaci don matsin da ke cikin tiyo ya sauka, a cire wayar batir ta baƙi, a naɗe bakin tiyo da tsumma kafin a zare shi don kada ya fesa wa mutum a ido. A juye man a jarka, a sauke tanki a kifa shi kan buhu, a kwance notocin gindin. Kafin a taɓa ko waya ɗaya, ɗauki hoto da wayarka. In aka juya ja da baƙi, famfo zai yi kuka amma baya zai riƙa juyawa.

Kada ka aika da kuɗi da suna kawai. Sa tsohon a leda ka shiga Kano da shi, ko Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, a ɗora shi kusa da sabon ka ga tsawo da kauri da bakin tiyo da soket sun zo ɗaya. Sau da yawa ɗan injin ciki kaɗai za ka saya, ba dukan gidan ba. Haɗo da sabuwar rariya da sabuwar robar bakin tanki. Tsohuwar roba ta riga ta kwanta, kuma gam ko yankin tsohon tub fetur zai narkar da su ya kai su cikin injekta. A wanke tankin tas da fetur mai tsabta, in ba haka ba lakar da ta kashe uwa ita za ta kashe 'ya. Notoci a ɗaure su gicciye, kaɗan kaɗan, ba a bi su layi ba. A zuba mai sosai, a kunna makulli a kashe sau uku ko huɗu ba tare da an tayar ba, a shafa hannu a gindin tanki a ji ko da danshi. Daga ranar, kada man ya riƙa sauka ƙasa da kwatan tanki, kuma in dole ta sa ka sayi na jarka, tace shi da farin ƙyalle.

TAMBAYA: Oga, ni ungozoma ce a wani asibitin karkara kusa da Ringim. Ɗan babur ɗina na mata ne mai kafireta, tankinsa yana ƙarƙashin wurin ajiye ƙafa. In ya kwana biyu ba a hau ba, sai an daɗe ana buga kik kafin ya tashi. Shi ma famfo ne?

AMSA: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Naki yana da famfo, amma ba na lantarki ba, don haka kada ki tsaya jiran kukan sauro. Wata 'yar faifan roba ce a cikinsa, numfashin inji ke kaɗa ta ta wani siririn tiyo, ita kuma ta turo mai sama zuwa kafireta. A zare tiyon da ke shiga kafireta a sa bakinsa a gora, a buga kik. In mai yana fitowa tsit tsit da kowane bugu, famfo lafiya yake, man cikin kafireta ne ke bushewa in ya kwana biyu. In bai fito ba, a fara duba siririn tiyon nan, zafin inji yakan busar da shi ya tsage daga ƙasa inda ido ba ya gani. A lanƙwasa shi da yatsa, tsagar za ta buɗe baki.