Amsa ga mai son mayar da shagonsu kamfani

Alhaji, ka ce kai da ƙaninka kuna da shagon atamfa da rajistar sunan kasuwanci, wani abokinku zai zuba kuɗi, an kuma ce maka doka ta canza, shi ne kake tambaya ko ku koma limited, wato cikakken kamfani mai rajista. Ku koma. Amma takardar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, ba ita ce aikin ba, abin da kuka rubuta kafin a karɓo ta shi ne aikin.

Dokar da ake nufi ita ce CAMA, dokar kamfanoni ta Najeriya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020, ta maye gurbin ta 1990. Ta sauƙaƙa abubuwa da dama. Mutum ɗaya ma yanzu yana iya kafa kamfani shi kaɗai, hatimin kamfani ba dole ba ne, kuma mafi ƙarancin jarin da ake rubutawa naira 100,000 ne. Ƙaramin kamfani, wato wanda cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 120 ba, dukiyarsa bayan an cire bashi ba ta wuce miliyan 60 ba, an ɗauke masa wajibcin naɗa sakatare da yin babban taron shekara. Sai dai da sharaɗi: daraktoci su riƙe aƙalla kashi 51 na hannun jari, kuma kada a samu ɗan wata ƙasa a cikin masu jarin. In abokin naku ɗan Maraɗi ne, kun fita daga wannan rangwame, ko da kuwa a Kano ya girma.

Dalilin komawar shi ne bashi. A rajistar suna, kai da shagon abu ɗaya ne, in kaya suka ƙone ko dila ya biyo kuɗinsa, har gidanka ana iya taɓawa. Kamfani kuwa mutum ne mai zaman kansa a idon doka, bashinsa nasa ne. Amma duk ranar da ka sa hannu a banki ka tsaya wa kamfanin a matsayin mai lamuni, wannan katanga ta rushe, kuma da wuya banki ya ba ƙaramin kamfani rance ba tare da ya nemi hakan ba.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne rabon hannun jari. A da ana rubuta jari mai yawa a raba kaɗan a ajiye saura. Sabuwar doka ta hana, duk abin da aka rubuta sai an raba shi ga masu shi. Saboda haka ku zauna ku uku tun yanzu, a ƙirga kayan da ke shago, a yi wa wurin da sunan da kuka gina kuɗi, a haɗa da abin da abokin zai kawo, sannan a fitar da kason kowa. Kada ku bar wa yaron da ke cike fom a kafe ya raba muku daidai wa daida don ya gama da wuri. Hukunci na yau da kullum rinjaye kawai yake buƙata, amma manya irin canza suna ko gyara ƙa'idojin kamfani sai da kashi 75 na ƙuri'u. Ke nan wanda ya riƙe kashi 26 yana iya tare muku hanya shi kaɗai. Rabon 50 da 50 kuma ya fi kowanne muni, ranar da aka saɓa babu mai raba gardama.

A nan lauya yake cin kuɗinsa da halal. Rajista kana iya yi da kanka ta intanet da lambar NIN, amma yarjejeniyar masu hannun jari aikinsa ce. Ta faɗi wa ke sa hannu a asusu, albashin mai zaman shago daban da riba, yadda za a yi wa kason mai son fita kuɗi, da abin da zai faru in ɗaya ya rasu, domin hannun jari gado ne, magada za su shigo. A sa kuma cewa in rikici ya tashi a fara da sulhu. Dokar sulhu da sasantawa ta 2023 ta ƙarfafa wannan hanya, kuma Kano na da cibiyar sulhu a ƙarƙashin babbar kotun jiha. In ba haka ba, rikicin cikin kamfani Babbar Kotun Tarayya ake kai shi, ba kotun unguwa ba, kuma can ba a sauri.

Bayan rajista, duk mai kashi 5 ko fiye sai an bayyana sunansa ga CAC a matsayin mai iko, ajiye jari da sunan wani a ɓoye ya zama laifi. Bayanan shekara-shekara da ake miƙa wa CAC kuma dole ne ko ba a yi ciniki ba. In aka bari, tara tana taruwa, shafin hukumar ya nuna kamfanin ba ya aiki, kuma galibi sai an je neman kwangila ko rance ake ganewa. Ku buɗe sabon asusu da sunan kamfanin, kuɗin cefane kada ya ƙara bi ta cikinsa. Tambarin da kuke bugawa a kan atamfa kuwa rajistar CAC ba ta kare shi, wannan sai a ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin ma'aikatar ciniki ta tarayya.