Lasota ba ta fara aiki a ranar da aka ba ta

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Kin ce kin ba kajinki Lasota (rigakafin cutar Niyukasil) ranar Litinin, zuwa Alhamis wasu sun fara lumshe ido, ga zawo kore, ga wuya yana murɗewa, shi ne kike tambaya ko jabu aka sayar miki. Ba na rantsewa a kan mai shago, amma kwana 3 ya yi kaɗan a ɗora masa laifi. Ni ma a hunturun da na fara kiwo haka na je na yi wa mai sayar da magani tijara, daga baya likitan dabbobi ya zaunar da ni, na koma na ba shi haƙuri.

Garkuwar jikin kaza kashi biyu ce. Akwai wadda take fitowa da ita daga ƙwai: fata, majinar hanci, 'yan siraran gashin maƙogwaro masu turo ƙura waje, tsamin ciki, zafin jikinta da ke kai kusan digiri 41, da fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye duk baƙon da suka gani. Wannan ba ta jiran a koya mata komai, cikin sa'o'i take tashi, sai dai ba ta tuna wanda ta yi faɗa da shi jiya. Mu ne kuma muke raunana ta. In kin shiga ɗakin kaji warin kashi ya sa idonki ƙwalla, to wannan iskar tana lalata gashin maƙogwaronsu, ƙofa ta buɗe ke nan.

Ta biyun ita ce mai koyo, kuma ita ake nufi da rigakafi. Lasota ƙwayar cutar Niyukasil ce mai rai amma marar ƙarfi. Jiki zai karɓe ta, ya gane kamanninta, ya ƙera makamin da ya dace da ita kaɗai, ya ajiye wasu ƙwayoyi da za su riƙa tunawa. Wannan karatun yana cin mako 1 zuwa 2 kafin ya kankama. Ita kuwa cutar takan ɓoye a jiki kamar kwana 5 ko 6 kafin ta nuna kanta, don haka mai yiwuwa ta riga rigakafin shiga gidanki. Kin shigo da sabuwar kaza daga kasuwa a makon nan?

Abin da ya fi damuna a labarinki, ba ki ambaci cutar Gumboro ba. A saman duburar kaza akwai wata 'yar jaka inda ƙwayoyin da ke ƙera wancan makami suke girma, ita ce makarantarsu. Gumboro (sunan wani gari ne a jihar Delaware ta Amurka, inda aka fara bayyana cutar a 1962) wannan jakar take ci, galibi tsakanin mako 3 zuwa 6. Kazar da ta sha da kyar, ko kin ba ta Lasota mai kyau ta cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, ba lallai jikinta ya ɗauki karatun ba. Sannan ɗan tsako yana gadar kariya daga uwarsa ta gwaiduwa, tana raguwa cikin mako 2 zuwa 3. A ba shi rigakafi da wuri, ita wannan gadon ce za ta kashe rigakafin, a makara kuma a bar ɗan tsakon tsirara. Masu shanu sun san irin wannan a dakashi: maraƙin da bai sha ba a yininsa na farko, wahala ce.

Ki kuma tuna yadda kika haɗa. Ruwan famfo mai kulorin yana kashe rigakafi, rana ma haka. Ni a cikin ƙanƙara nake ɗauko nawa, in hana kajin ruwa kamar awa 2, in zuba madarar gari kaɗan a ruwan rijiya, in ba su da sassafe su shanye kafin awa 2 ta cika.

Yanzu dai ki ware marasa lafiyar, ki binne waɗanda suka mutu da zurfi, kada kowa ya shiga ɗakin da takalmin waje. Ki kai gawa ɗaya sabuwa wa likita ya buɗe, ki ce masa ya duba miki jakar nan.