Fentin da ka ɗauka a shagonka ba kyauta ba ne

Wani ɗan kasuwa daga Katako, nan Yamai, ya rubuto: "Malam, fenti da ƙusa da katako nake sayarwa. Shekara 6 ke nan ina zane da dare don jin daɗina: jiragen ruwa, jirgin ƙasa, kogi da duwatsu. Watan jiya wani mai otal ya sayi hotona na Gadar Kennedy da faɗuwar rana jika 40. Ina da wasu 30 a ɗaki. So nake in ciri jika 700 daga jari, in kama wuri a Plato in baje su. Kayan aiki ba sa ci mini ko dala, daga shago nake ɗauka. Me ka gani?"

Ƙanena, na san lissafin da ka yi a kwance: 30 sau jika 40, miliyan ɗaya da jika 200. Ajiye shi gefe. Maganar da ta tsaya mini a rai ita ce "ba sa ci mini ko dala". Wa ya biya kuɗin fentin? Gwangwanin da ka sauke daga kanta ka tafi da shi gida, da kuɗi ka saro shi, kuma da ka bar shi da wani ya saya ka ci riba. Da yaron shagonka ne yake yin haka shekara 6 bai rubuta ba, da wane suna za ka kira shi?

Mu yi ƙiyasi. Allon katako a ce jika 3, fenti kala biyar ko shida jika 4, sai burushi da kananzir na wanke shi da katakon gefe. Hoto ɗaya ba zai gaza jika 10 ba. Ka yi 31, ban sa waɗanda ƙurar hunturu ta manne musu kafin su bushe ka jefar ba. Shago ya fitar da sama da jika 300, an mayar da 40, ita ma na rantse aljihunka ta shiga, ba akwatin shago ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na taɓa zama da wani mai sayar da hatsi a Tawa da yake kiwon raguna don sha'awa. Dusa da wake daga buhunan shago ake ɗiba, ba awo ba rubutu. Da layya ya sayar da ɗaya jika 150, ya yi ta yawo yana cewa kiwo ya fi hatsi, har ya ƙaro shida. Ranar da dillalinsa ya zo karɓar kuɗin kaya aka ƙirga buhuna, aka tarar ragon nan ya ci fiye da kuɗinsa. Shagon bai kai wata layyar ba.

Ba ina cewa ka daina zane ba. Mutumin da yake zana jirgi da dare ya fi mini mai kwana a fada yana shayi da gulma. Amma daga gobe ka sayi kaye, wato littafin rubutu, na dabam. Duk abin da ka ɗauka, ka biya shago farashin da kowa yake biya, daga aljihunka, ka rubuta rana. Ka rubuta kuma daren da hoto ya ci maka. In jiki ya fara jin zafin biyan, a nan za ka san farashin hotonka na gaskiya.

Batun Plato kuwa, kada ka taɓa jika 700 ɗin nan. Kai da kake zana jirgin ƙasa ka fi ni sani: an buɗe tasha a Yamai a 2014, an shimfiɗa dogo har Dosso, amma wa ka sani da ya yanki tikiti ya je Dosso da shi? Mai saye ɗaya ba ya riƙe haya da lantarki da mai gadi. Turawan da a da suke sayen irin wannan kaya ma sun ragu ƙwarai tun 2023.

Ka lura kuma, kogi aka saya, ba jirgi ba. Ɗauki hotuna uku na kogi ka kai wa masu sana'ar hannu na Wadata ko na gidan tarihi na Boubou Hama, ku yi takarda: farashi kaza, kasonsu kaza, wata biyu in ba a saya ba ka ɗauke abinka. Na jiragen ruwa ka nuna wa masu fiton kaya da suke hulɗa da tashar jiragen ruwa ta Lome, ƙila wani ya so ya rataya a ofis. Ka koma wurin mai otal ka tambaye shi ɗakuna nawa ne bangonsu yake fayau.

Bayan wata shida ka kawo mini kayen nan in gani. Amma kafin nan, jika 10 na hoton da ka sayar, mayar wa shago abinsa.