Mama ta ajiye maganin hawan jini saboda ajin yoga

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifiyata tana da hawan jini shekara 6 ke nan, tana shan Amlodipine. Kwanan baya ta shiga wani ajin yoga (salon motsa jiki da numfashi) na mata a nan Samaru, mai koyarwar ta ce musu kwanciyar ƙarshen aji da jan numfashi a hankali suna wanke jini. Tun daga nan Mama ta ajiye maganin, wai jikinta ya yi sakayau, barci ya dawo. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. Mu ƙyale ta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ku ƙyale ta, 'yar'uwa. A auna jinin Mama yau, a mayar da ita wurin likitan da ya ɗora ta a kan maganin. In ya kai 180/120, ko kika ga baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ya saki, ku wuce asibitin koyarwa na Shika ko asibiti mafi kusa nan take.

Ita kwanciyar, wadda ake kira shabasana, ba ni da ta cewa a kanta, ni ma ina sa marasa lafiyata su yi a sashen gashin ƙashi. Mutum ya kwanta rigingine minti 5 zuwa 10, ya saki jiki tun daga yatsun ƙafa har muƙamuƙi, ya ja numfashi kamar sau 6 a minti, fitarwa ta fi shaƙa tsawo. Bugun zuciya ya kan lafa, jini ya ɗan sauka. Sakayau ɗin da Mama take ji gaskiya ne.

To amma saukar ta ɗan lokaci ce, kuma kaɗan ce. Hawan jini ba datti ba ne da za a wanke. Jijiyoyi ne suka yi tauri, ko ƙoda ke riƙe gishiri, ko gado ne, kuma duk suna nan bayan an naɗe tabarma. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ciwon ba ya sallama. Mutum na iya yawo da 170/100 yana cin kasuwarsa a Sabon Gari lafiya lau, shi ya sa "ina jin daɗin jikina" ba awo ba ne. Mu da ake kawo wa masu shanyewar ɓarin jiki mun ji wannan labari har mun gaji: an samu sauƙi, an bar magani, wata rana da asuba aka faɗi wajen alwala. Jiya mai jiƙe-jiƙe ne a mota da lasifika, yau mai bidiyo a WhatsApp, yanzu kuma ga mai koyar da motsa jiki ta shiga layi. Wadda ba ta taɓa ɗaura wa Mama abin awo a hannu ba, da wane ilimi za ta raba ta da maganinta? In abu ya faru ba ita za ta yi jinya ba, ke ce za ki riƙa juya mahaifiyarki a gado, kina ba ta kunu da cokali.

Ta ci gaba da ajin, tare da maganinta. Sai dai ta bar riƙe numfashi, da numfashin nan mai sauri na fizgar ciki, da duk abin da kai zai koma ƙasa ƙafa sama, musamman in tana da hawan jinin ido. In bayanta na ciwo a sa matashi ƙarƙashin gwiwoyi, lokacin hunturu kuma ta rufa da bargo, siminti na ɗaukar sanyi. In an gama kada ta miƙe zumbur, maganin na iya sa jiri: ta juya gefe, ta zauna kamar minti ɗaya, sannan ta tashi.

Ki samo mata na'urar awo ta damtse, a riƙa rubuta sakamakon safe da yamma na mako guda, ku tafi da takardar wurin likita. In da ragin da za a yi, shi zai yi.