Bulo ko dami? Amsa ga mai ajiye bayanai a kaset

Wani mai karatu da ke kula da kwamfutocin wata ma'aikata a Gombe ya aiko da tambaya biyu. Yana kwafe bayanai a kaset ɗin LTO-8, wani nau'in kaset na adana bayanan kwamfuta, don ajiya, yana neman kalmar Hausa da za ta tsaya a madadin "block size", wato yawan bayanan da ake miƙa wa kaset a lokaci guda, sannan yana son sunan gaba da bayan da kaset ke ta yi a cikin na'urar da ke rubutu a kansa.

Malam, kar ka ce bulo, bar wa magina kayansu. Dami ya fi dacewa. Manomi ba ya kai gero rumbu zangarniya ɗaiɗai, ɗaurewa yake yi ya ɗauka gaba ɗaya. Haka kwamfuta ke miƙa wa na'urar bayanai, ɗauri bayan ɗauri, don haka sai ka ce girman dami. Manhajar tar, mai tattara fayiloli ta zuba a kaset, in ba a sauya mata tsari ba, guntaye 20 take haɗawa, kowanne bayit 512, dami ɗaya ya tashi bayit 10,240. LTO-8 kuwa tana cin megabayit 360 a daƙiƙa, ka ga sai an miƙa mata dami kusan dubu 35 kowace daƙiƙa. Ka rubuta tar -b 512, wato ta haɗa guntaye 512, damin ya koma kilobayit 256, miƙawar ta sauko kusan 1,400.

Tambaya ta biyu, gaba da bayan nan sunansa zarya. Asalin kalmar igiyar wando ce da ake zurawa a ƙubaka, daga nan aka ce wane yana zarya, wato ya je ya dawo, ya je ya dawo. Na'urar kan rage gudu in bayanai sun yi ƙaranci, amma ragewar tana da iyaka. Da ta wuce nan sai ta tsaya, ta ja zaren kaset ɗin baya, ta sake ɗaukar gudu. Wannan ke cinye zare da kan da ke rubutu, aikin dare ɗaya ya kai hantsi. In damin ya girma zaryar ba ta daina ba, laifin faifan kwamfuta ne ko tarin ƙananan fayiloli. Sai ka sa manhajar mbuffer tsakanin tar da na'urar, ta zama randar da ake cikawa kafin a fara ɗiba.

Karin maganar da ta hau nan ita ce "daidai ruwa, daidai tsaki". Tsakin hatsi ake nufi, ɓarzajje, ba na baki ba, matasa da yawa suna ruɗewa a nan. Ma'anarta a yi abu gwargwado. Bayan kilobayit 512 ribar kaɗan ce, kuma wani tsohon katin da ke haɗa na'ura da kwamfuta ba ya iya ɗaukar babban dami, sai kaset ya ƙi karantuwa ranar da ake nemansa. Ka bar na'urar ta karɓi kowane girma da umarnin mt -f /dev/nst0 setblk 0, ka rubuta girman damin a jikin kaset, ka karanta da lambar -b ɗin da ka rubuta da ita, sannan ka gwada dawo da fayil ko ɗaya ne a wata kwamfutar kafin kaset ya shiga kabad.