Tambaya da amsa: Ta yaya baƙo zai gane inda ake sayar da giyar kirki a garin da bai sani ba?

Tambaya: Barka da aiki. Aikina yana yawan kai ni garuruwa, in yi kwana uku ko huɗu in dawo, kuma ina son ɗanɗana giyar ƙananan masu dafawa wadda ake ce ma kraft, ba irin ta manyan kamfanoni da ake samu ko'ina ba. Matsalar ita ce sai in duba waya in ga wuri da taurari biyar, in je in tarar giyar ta yi lami. Ya zan yi?

Amsa: Sannu ɗan'uwa. Gaskiya taurarin nan ba giyar suke aunawa ba, yawanci mutane kiɗa da kujeru da fara'ar ma'aikata suke ba maki. Ita giya irin wannan abu ne mai saurin lalacewa, zafi da haske da iska da daɗewa duk maƙiyanta ne, don haka abin da za ka nema shi ne wurin da ake kula da ita, ba wurin da ya fi tara iri-iri ba.

Ni idan na sauka a gari ba mashaya nake fara zuwa ba, shagon kwalabe nake nema da rana, irin ƙaramin nan da ba ya sayar da komai sai giyar kraft. Da shigarka kalli inda suka ajiye IPA, wata irin giya ce mai ɗaci da ƙamshi. In tana cikin firij, alama ce mai kyau. In kuwa an jera ta a kanta kusa da taga rana na dukanta, ka san mai shagon bai damu ba. Ɗauki gwangwani ka juya gindinsa, a nan ake buga ranar da aka ɗura, ita IPA ƙamshin furen hops, wanda ake sa wa giya don ɗaci da ƙamshi, shi ne darajarta kuma in ta wuce kamar wata uku ƙamshin ya fara gudu, sai ka ji tana ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. Kwalba kore ko fara ma a kula da ita, haske yana ratsa su ya taɓa sinadarin hops ɗin ya kawo wani wari, shi ya sa masu dafawa da yawa suka fi son kwalba ruwan ƙasa ko gwangwani. To in shagon ya ci wannan jarrabawar sai ka tambayi mai tsaron, ba "ina ne ya fi kyau" ba, ce masa "kai in ka tashi aiki ina kake zuwa?" Amsar nan ta fi duk wani jeri da za ka gani a intanet.

Manhaja tana da amfaninta fa. Untappd, wadda aka fara a 2010, wasu mashayu suna saka abin da ke famfonsu a ciki, kuma kana ganin abin da mutane suka sha jiya a wurin, wannan ne zai nuna maka ko ganga tana juyawa ko ta kwana biyu a zaune. A Birtaniya kuma akwai ƙungiyar CAMRA tun 1971, mambobinta suna bin mashayu da kansu suna ɗanɗanawa, kowace shekara su fitar da jerin waɗanda suka amince da su.

Yanzu ka shiga mashayar. Kar yawan famfo ya ruɗe ka, na taɓa zama wani wuri mai famfo wajen arba'in, ranar Asabar da daddare amma mu biyar ne kacal a ciki, na farkon da aka zuba min warin man shanu take, na biyu tsami-tsami, kuma ba irin mai tsamin ba ce. Wannan duk aikin tiyo mai datti ne da gangar da ta daɗe. Ƙa'ida a wanke tiyon famfo duk sati biyu, kuma ba laifi ka tambaya, wanda ya san aikinsa zai ma ji daɗi. Famfo takwas da ke ƙarewa da wuri sun fi arba'in da ke barci. Ka ce a ɗan ɗiga maka ka ɗanɗana kafin a cika kofi, wurin kirki ba sa hanawa. Sannan kalli kofin da kyau: in ƙananan kumfa sun manne a jikin gilashin daga ciki, ba a wanke shi sosai ba, in kuwa farin kumfan sama yana barin zane-zane kamar leshi duk kurɓar da ka yi, an wanke shi tas. Allon da ke bango ya kamata ya nuna sunan masu dafawa da irin giyar da ƙarfinta.

Wani abu kuma, ba duk mai sunan kraft ba ne ƙarami. Manyan kamfanonin giya sun saye wasu masu dafa kraft na Amurka: AB InBev ta sayi Goose Island tun 2011, Heineken ta mallaki Lagunitas gaba ɗaya a 2017. Ba wai giyarsu ta zama banza ba, amma in ƙananan kake son tallafawa, a Amurka nemi tambarin kwalba a kife da ƙungiyar masu dafa giya ta Brewers Association ta fito da shi a 2017 don masu zaman kansu.

Kuma don Allah ka sha abin da garin ya iya. A Brussels ka je gidan dafa giya na Cantillon da ke unguwar Anderlecht, tun 1900 suke yin irin giyar da ake kira lambic, ba sa zuba yisti, buɗe ruwan suke yi iska ta kawo nata, tsaminta da gangan ne. A Landan akwai jerin ƙananan masu dafawa a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa ta Bermondsey, an fi samunsu a buɗe ranar Asabar, duba lokacinsu kafin ka fita.

Ka nemi ƙananan kofuna huɗu ko biyar da ake jerowa a katako maimakon babban kofi ɗaya, fara da mai sauƙi ka ƙare da mai nauyi. Karanta ƙarfin a allo kafin ka ce a zubo, giyar Beljiyam da ake kira tripel tana kai kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari, wajen ninki biyu na wadda aka saba, kuma ba ta nunawa a baki. Sha ruwa tsakani, bar mota a masauki, in da aiki da safe tambaye su mara barasa, ƙananan masu dafawa da yawa yanzu suna yinta, a jiki za ka ga 0.0 ko 0.5.